Kafin ka biya kuɗin gida a ƙauye: daga binciken asali zuwa takardar hukuma

Wani ɗan baffana ya sayi gida a wani ƙauye a ƙasar Ringim shekarun baya. Gidan ƙasa ne mai zaure da ɗaki huɗu, da rijiya, ga tsohuwar tsamiya a bayan ɗaki. Wanda ya sayar masa shi ne babban ɗan marigayi mai gidan, mutumin kirki, a sahun farko yake sallah. An yi ciniki a ƙofar gidan mai unguwa, an rubuta takarda, dagaci ya buga hatimi, an raba goro an shafa fatiha. Ya rushe ɗaki biyu ya tayar da na bulo, ya rufa kwano. Damina biyu da tarewa sai ga sammaci. Ƙanwar mai sayarwar ce, wadda ke aure a wajen Maigatari, ta kai ƙara. Ta ce gidan ubansu ne, ba a taɓa raba gado ba, kuma ba wanda ya shawarce ta. Da alƙali ya nemi hujja, ɗan baffana ya zaro takardar dagaci daga leda ya miƙa da ƙwarin gwiwa. Alƙali ya duba gaba da baya, ya ce masa: "Malam, wannan ta nuna ka biya kuɗi. Ina wadda ta nuna gidan na wanda ka bai wa kuɗin ne shi kaɗai?"

Babu ita. Ƙarshe sulhu aka yi, ya sake biyan kason matar, ya sayi ɓangaren gida ɗaya sau biyu. Duk abin da zan jero a nan, daga tambayar alƙalin nan ya taso.

Da farko, me ake sayar maka?

Tun 1978, lokacin mulkin soja na Obasanjo, Dokar Amfani da Ƙasa ta damƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna, yana riƙe da ita amana domin jama'a. Tsarin mulkin 1999 ya rungumi dokar, shi ya sa gyara ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. A wajenmu ma ba baƙon abu ba ne, domin dokar ƙasa ta Jihar Arewa ta 1962 kusan a kan wannan turbar take. Ma'anarsa, abin da ke hannun mai gida shi ne ginin da kuma haƙƙin zama da amfani da wurin. Wannan haƙƙin ake sayarwa.

Iri biyu ne. Akwai wanda gwamna ke bayarwa, mai satifiket ɗin da mutane ke kira si-of-o, wanda a gidan zama yawanci wa'adinsa shekara 99 ne. Akwai na gargajiya, wanda ƙaramar hukuma ke bayarwa a wuraren da ba a ayyana su a matsayin birni ba. Mafi yawan gidajen ƙauye ba su da ko ɗaya a rubuce, gado ne kaka da kakanni, kuma doka ta san da zamansu. Sai dai ta ce mai satifiket ɗin gwamna ba ya miƙa haƙƙinsa ga wani sai da yardar gwamna, a sashe na 22, mai na gargajiya kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma, a sashe na 21. Sashe na 26 ya ce cinikin da ya kauce wa dokar ɓatacce ne. Ka lura, ba a ambaci mai unguwa ko dagaci ko hakimi a nan ba. Sa hannunsu na da nauyi ƙwarai, su ne suka san ƙasarsu da mutanensu, ni kaina ba zan sayi ko kangon akurki ba tare da saninsu ba. Amma su shaidu ne, izinin doka yana wani wurin.

Ka nemi asalin gidan

Tambayar farko ga mai sayarwa ita ce: ta yaya gidan nan ya zo hannunka? Amsar ba ta wuce huɗu ko biyar ba. Ko ya gada, ko ya saya, ko kyauta aka ba shi, ko hukuma ta yanka masa, ko kuwa ya daɗe a ciki ne har ya ɗauka nasa ne.

In saye ya yi, ka nemi takardar wancan cinikin, ta ainihi, kada ka yarda da hoto. Ka tambayi shaidun da ke kai, in suna raye ka je ka gaishe su. In takardar ta ajami ce ko Larabci, ka kai wa malamin da ka zaɓa da kanka ya karanta maka. A Jigawa kada ka yi mamaki in ka ga tsohuwar takarda da sunan Jihar Kano, domin sai a 1991 aka yanke Jigawa. Abin mamaki shi ne takarda mai kwanan watan shekarun 1980 amma da sunan Jigawa a samanta. Wannan ka ninke ta ka mayar masa, ka yi sallama.

In kyauta ce, a mazhabar Malikiyya kyauta ba ta cika sai wanda aka bai wa ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da rai da lafiyarsa. "Baba ya ce ya ba ni" alhali Baba ya ci gaba da zama a gidan har ya rasu, wannan gado ne, na kowa da kowa. In kuma an taɓa yin wakafi da wurin ga masallaci ko makarantar allo, ba na sayarwa ba ne sam.

Sai kuma aro da jingina, waɗanda suka cika karkara. Mutum ya tafi cirani Legas ko Fatakwal ya bar wa maƙwabci gida ya zauna, shekara ashirin ta wuce, yaran da aka haifa a ciki ba su san wani gida ba. Za ka ji ana kafa hujja da hauzi, wato daɗewar abu a hannun mutum mai shi yana gani bai yi magana ba, wanda malamai suka ƙayyade da shekara 10 tsakanin bare, 40 tsakanin dangi. Gaskiya ne kotunanmu na aiki da shi. Amma hauzi ba ya cin abin da aka karɓa aro ko haya ko jingina, komai daɗewa, kuma ba ya hawa kan wanda ba ya gari.

Waɗannan amsoshi ba a bakin dillali za ka same su ba. Dillali la'adarsa yake nema, in ciniki bai faɗa ba bai ci ba. Ka dawo kai kaɗai wata rana bayan la'asar, ka zauna da dattawan da ke hira a gindin bishiya. Ka aiki matarka ko yayarka ta shiga maƙwabta. Tsohuwar da ke bayan katanga ta san abin da mai unguwa ya manta. Ita ce za ta ce, "Ai 'yar nan, ɗakin kudu ba nasu ba ne, sadakin uwar wance ne."

In gidan gado ne, ka ja birki sosai

A nan ne mafi yawan masu saye ke faɗawa rami, don haka zan daɗe.

Babban ɗa ba shi ne mai gida ba. Riƙon da yake yi wa gidan, da biyan asibitin tsohuwa, da aurar da ƙanne, duk lada ne, amma ba su ba shi ikon sayar da kason kowa ba. Ka ɗauki takarda da biro ka rubuta magada ɗaya bayan ɗaya: matan marigayi, waɗanda ke da tumunin takaba, wato ɗaya bisa takwas in akwai 'ya'ya, 'ya'ya maza, 'ya'ya mata, har waɗanda aure ya kai Nijar, iyayen marigayi in suna raye lokacin da ya rasu. Sannan ka yi tambayar da kowa ke mantawa: a cikin magadan akwai wanda ya rasu bayan uban kafin a raba? In akwai, kasonsa ya gangara kan nasa magadan, ka ga layin ya ƙara tsawo. Gidan da aka bari shekara talatin ba a raba ba, kana iya samun mutum arba'in da haƙƙi a cikinsa. Ka tambaya kuma ko akwai bashi a kan marigayin ko wasiyya, domin su ake fitarwa kafin gado.

Hanya mafi tsafta ita ce a raba gadon a Kotun Shari'a, kotu ta ba da takardar da ta nuna wane ne ya sami gidan, ko ta yi umarnin a sayar a raba kuɗin. Ka je kotun da kanka ka nemi kwafi mai hatimin rajistara, kada ka tsaya ga wanda aka miƙo maka. In kuwa malamin gari ne ya raba a gida, kamar yadda aka fi yi, to kowane magaji baligi ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar cinikinka. Mata su yi da kansu. Kada ka karɓi "ai na faɗa mata ta yarda". Ka tafi da shaidu biyu waɗanda suka san ta, a tsaya a zaure, a ji daga bakinta: "Gwaggo, kin san za a sayar da gidan Malam a kan kaza? Kin san kasonki kaza ne? Kin amince?" Wanda ke nesa ya aiko da wakilci a rubuce, ka kuma kira shi a waya gaban shaidu. Saƙon murya na WhatsApp na taimakawa, ka adana shi, amma ba ya maye gurbin sa hannu.

Marayun da ba su balaga ba kuwa, kasonsu ba ya sayuwa da yardar baffa kawai. A je gaban alƙali ya duba ko sayarwar maslaharsu ce, ya ba da izini a rubuce. Na san za a ce maka wannan tsawaita zance ne, kuma ana kunyar kai maganar gida kotu. Yaron da ke wasan langa a ƙofar gidan yau, nan da shekara goma sha biyar shi ne zai tsaya gaban alƙali da lauyansa.

Akwai kuma shuf'a. In ɗaya daga cikin masu tarayya a gidan da ba a raba ba ya sayar wa bare da kasonsa, sauran na da ikon mayar wa mai sayen kuɗinsa su karɓe kason. A Malikiyya haƙƙin abokin tarayya ne, maƙwabci ba shi da shi, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a 1998 a wata shari'a da ta taso daga Sakkwato. Wanda yake gari ya kuma san da cinikin, in ya yi shiru har shekara ta wuce haƙƙinsa ya faɗi, amma wanda ba ya nan yana kan haƙƙinsa har ya dawo. Saboda haka in kason mutum ɗaya za ka saya, sa a rubuta cewa an yi wa sauran tayi sun ce ba sa so, su sa hannu.

Ka taka iyaka da ƙafarka

Kada ka yi cinikin biri a sama. Ranar duba iyaka a kira maƙwabtan gabas da yamma, kudu da arewa, da mai unguwa, a zagaya tare. A auna da tef, a rubuta ƙafa nawa ne kowane ɓangare. "Daga kukar nan zuwa dangar wane" ba awo ba ne, kuka na faɗuwa, danga kuwa duk kaka sai ta matsa taku ɗaya. Ka tambayi katangar da ke tsakani ta wa ce. Ka ɗaga kai ka ga inda indararon maƙwabci ke zuba, ka duba ta ina ruwan gidan ke fita, ka tabbatar lungun da ake shiga hanya ce ta kowa ba alfarmar wani ba. Rijiya in ta haɗaka ce a faɗa. Bishiya mai amfani, mangwaro ko ɗorawa ko tsamiya, a ambace ta da suna, domin a ƙauye ana iya sayar da wuri a ce bishiyar ba ta ciki.

In da hali ka ga gidan da damina. Mutanen Auyo da Kafin Hausa da Ringim da suka ga ambaliyar 2022 ba sa buƙatar a yi musu bayani. Da rani kuwa ka duba gindin katanga, ruwa na barin zanensa.

In fili ne a bakin gari da aka yanka daga gona, abin da ake kira awon igiya, ka ƙara buɗe ido. Dokar 1978 a sashe na 36 ta hana a yanka tsohuwar gonar karkara fuloti-fuloti, kuma irin wannan awon sau da yawa ba ya barin titi ko makaranta ko magudanar ruwa. Ranar da hukumar tsara gari ta iso, wanda ɗakinsa ya hau titi shi ke kuka. Haka wurin da ya ci burtali, ko makiyaya, ko gefen maƙabarta da filin idi, ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Araharsu tarko ce.

Ka leƙa ofis kafin ka taɓa aljihu

Gidan da ba shi da satifiket, ka je sakatariyar ƙaramar hukuma wajen jami'in ƙasa. Tambaya uku za ka yi: wurin nan yana cikin yankin da aka ayyana birni ne ko karkara? An taɓa ba wani takarda a kansa? Gwamnati na da wani shiri a wurin? Ta ukun ba wasa ba ce. Layin dogon Kano zuwa Maraɗi ya bi ta Ɗambatta da Kazaure, da reshe zuwa Dutse, ga hanyoyi da ake faɗaɗawa. Doka ta ba gwamna ikon karɓe wuri don amfanin jama'a, diyyar kuma a kan gini da shuka take. Akwai masu karɓar diyya su juya su sayar da wurin ga wanda bai sani ba.

Gidan da ke da satifiket, bincikensa a Ma'aikatar Ƙasa ne: a Kano akwai KANGIS mai ajiye bayanan filaye a kwamfuta, a Jigawa ma'aikatar na Dutse. Da lambar fayil ake nema, a biya kuɗin bincike a karɓi rasit na gwamnati, a ba ka sakamako a rubuce. A nan za ka ga sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da takardar a banki, ko akwai ƙorafi ko umarnin kotu a kai, da bashin harajin ƙasa na shekara-shekara. A ƙarshen 2024 gwamnatin Kano ta buƙaci masu satifiket su sabunta nasu, don haka ka tambayi mai sayarwa ko ya yi. In ya ce takardar ta ɓata ko gara ta cinye, mai yiwuwa gaskiya ne, mai yiwuwa kuma tana ajiye a banki ko a hannun wanda ke bin sa bashi. Shi zai yi rantsuwa a kotu, ya kai rahoto ga 'yan sanda, ya nemo kwafin da ma'aikata ta tabbatar, kafin ka ci gaba.

Wannan matakin lauya ya fi ka iya shi. Mutanenmu na jin lauya sai su tuna da shari'a, alhali aikinsa mafi araha shi ne wanda ke hana zuwa kotu. Ka ɗauki naka, kada ku yi tarayya da na mai sayarwa, ku kuma daidaita kuɗin aikinsa tun farko.

Tayi, sallama, kafin alƙalami

In an yi tayi an sallama, kafin kowa ya tashi a yanke magana uku. La'adar dillali nawa ce kuma wa zai biya? Kashi 5 cikin 100 ake yawan ambata, amma abin daidaitawa ne, kuma ka san dillalai nawa ne a layin, don kada ranar biya mutum biyar su bayyana kowa ya ce shi ya kawo ka. Wa zai ɗauki kuɗin sa hannun masu gari da na takardun hukuma? Yaushe za a ba ka makulli?

Kafin alƙalami ya zama kaɗan, abin da in ya maƙale ba zai karya ka ba. A rubuta shi: nawa aka bayar, saura nawa, wace rana za a cika, me zai faru da kuɗin in mai saye ya fasa, me zai faru in mai sayarwa ya fasa ko bincike ya tono matsala. Wanda ke ce maka "Alhaji, akwai wani da zai kawo kuɗi gobe da safe, in ba ka biya yau ba shi ke nan", ka ce masa Allah ya sa albarka. Gida ba tumatir ba ne da zai ruɓe kafin jibi.

Takardar ciniki

Allah ya yi umarni a aya ta 282 ta Suratul Baƙara a kafa shaidu in an yi ciniki, don haka ba rashin yarda ba ne ka ce a rubuta, ko da da ɗan'uwanka kuke cinikin. Da ɗan'uwa ma ya fi kamata.

Ga abin da bai kamata a rasa a ciki ba: cikakken sunan mai sayarwa da na mai saye kamar yadda suke a katin ɗan ƙasa, har da lambar katin da hoto, inda gidan yake, unguwa da ƙauye da gunduma da ƙaramar hukuma, awonsa da sunayen maƙwabta huɗu, yadda mai sayarwa ya same shi, kuɗin da lamba da kuma kalmomi, abin da ke cikin cinikin, har ƙofofi da mita da rumbu in akwai, da alkawarin cewa in wani ya taso da haƙƙi, mai sayarwa ne zai tsaya, in ya kasa ya mayar da kuɗi da asarar gini. A sa kwanan wata. A sa hannu a kowane shafi.

In ɗayanku bai iya karatun harshen da aka rubuta takardar da shi ba, a karanta masa a fassara masa, a kuma rubuta a ƙasa cewa an yi hakan ya ce ya fahimta kafin ya dangwala, tare da suna da adireshin wanda ya rubuta da na tafinta. Doka ce ta kare wanda bai yi karatu ba, kuma rashin wannan layi kan ba wa mutum ƙofar cewa bai san abin da ya dangwala wa ba.

Shaidu a haɗa dattawa da matasa. Dattijo na da kwarjini, amma rigimar gida kan taso ne bayan shekara ashirin. Daga nan a bi da takardar wajen mai unguwa, da dagaci, ko bulama kamar yadda ake cewa a wasu sassan gabashin Jigawa, har zuwa hakimi in ana yin haka a ƙasarku. Ka roƙa a shigar da cinikin a littafinsu: "Ranka ya daɗe, a taimaka a sa mana a rajista." Wannan ne ke toshe hanyar sayar da gida ɗaya ga mutum biyu.

Mai shago da kwamfuta a bakin sakatariya zai buga maka takarda da 'yan kuɗi kaɗan, sunan wani ya goge ya sa naka. A doka, lauya ne kaɗai ke da izinin karɓar kuɗi ya tsara takardar miƙa mallakar gida ko fili, kuma za ka ga hatiminsa na ƙungiyar lauyoyi a manne. Gida mai satifiket dai dole ka bi ta nan.

Wani abu da ya zama ruwan dare: a ba ka takardar wakilci a ce ta wadatar, don a guje wa kuɗin neman yardar gwamna. Takardar wakilci izini ce ka yi abu a madadin mai gida. Ita kaɗai ba ta mayar da gidan naka ba, sunansa na nan a fayil.

Ranar biya

Ta banki, zuwa asusun da ke ɗauke da sunan mai sayarwa, a rubuta dalilin turawar. Ba asusun dillali ba, ba na ɗansa ba. Dokar hana safarar kuɗin haram ta 2022 ma ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta banki ba. In magada ne, su rubuta asusun da suka amince a zuba, ko a biya ta hannun kotun da ta raba. Hannu da hannu ake yi: kuɗi na shiga, takardun asali duka da makulli na fitowa, a ba ka rasit.

In akwai ɗan haya a ciki, a san matsayinsa kafin ranar, ko ya tashi ko ya koma biyan ka. In mai sayarwa ya roƙi ya zauna zuwa bayan girbi, ba laifi, amma a rubuta cewa aro ne, da ranar fita. Bashin wutar KEDCO shi ma a share shi, don mita ba ta san an canza mai gida ba.

Aikin da kowa ke bari: mayar da suna

Yawancinmu a nan muke tsayawa, a sa takarda a ƙasan akwati a ce an gama. Saura mataki ɗaya, kuma shi ne wanda doka ta fi kallo.

Gidan karkara mara satifiket: ka kai takardar cinikin sakatariya, ka cika fom, jami'in ƙasa ya zo ya ga wurin a zana taswirarsa, a amince da cinikin a ba ka takardar haƙƙin zama ta gargajiya da sunanka. In kana da hali ka ɗauko safiyo mai lasisi ya auna ya kafa turakun siminti a kusurwoyi. Daga baya kana iya neman a mayar da ita satifiket ɗin gwamna, wanda shi ne bankuna suka fi karɓa jingina, kuma garin da ke kusa da Kano irin su Gezawa ko Dawakin Kudu, birni na tahowa ko ba ka gayyace shi ba.

Gida mai satifiket: lauya ya tsara takardar miƙa mallaka, mai sayarwa ya sa hannu a takardar neman yardar gwamna, ma'aikata ta ƙiyasta darajar gidan, a biya kuɗin yarda da na hatimi da na rajista, a shigar da takardar a rajistar filaye. Yana cin lokaci da kuɗi da zirga-zirga, ba zan ɓoye maka ba. Duk abin da ka biya ka karɓi rasit na gwamnati. Ka sa mai sayarwa ya sa duk hannun da ake buƙata tun ranar biya, lokacin da fuskarsa ke sake. In ka bari sai bayan shekara biyar, ko ya ƙaura, ko ya rasu ka koma bin magada goma sha biyu, ko ya ga gidan ya yi daraja ya ce sai ka ƙara masa wani abu. A shari'ar bankin Savannah da Ajilo a 1989, Kotun Ƙoli ta rushe jinginar gida sukutum saboda rashin yardar gwamna, banki guda da lauyoyinsa. Takardar da ba a yi wa rajista ba tana iya nuna ka biya kuɗi, amma in wani ya saya bayanka bai san da kai ba ya riga ka rajista, kai ne za ka sha wahalar shari'a.

In kai ne mai sayarwa

Ka tattara takardunka ka sasanta da 'yan'uwanka kafin ka kira dillali. Ka faɗi aibin gidan, ɗakin da ke yoyo, rijiyar da ke ƙafewa da bazara, rigimar katanga da maƙwabci, domin a shari'a ɓoye aibi na ba mai saye damar dawo maka da kayanka. Kada ka saki takardar asali saboda saƙon waya ya nuna kuɗi sun shigo, ana ƙirƙirar na bogi. Ka duba asusunka da kanka ko ka je banki. In biya kashi-kashi ne, takardu su zauna hannun lauya ko wani amintacce da kuka yarda da shi har a cika. Ka riƙe kwafin komai. Iyalinka kuma su ji daga bakinka tun da wuri, kada su ji a bakin rijiya.

Kai kuma mai saye, da an ba ka makulli ka shiga. Ka canza kwaɗo, ka gyara katanga, ko ka sa wani ya zauna da rubutacciyar yarjejeniya, don gari ya san gidan ya sauya hannu. Takardun ka yi musu hoto kashi uku, ka ɗauke su a waya, na asalin ka sa a leda cikin akwatin ƙarfe ka ɗora a sama, inda gara da ruwan damina ba sa kaiwa. Ka nuna wa matarka da babban ɗanka da babbar 'yarka inda suke.